Eastgate na Harare: Rukunin Shagunan da Aka Ce Gara Ce Ta Koyar da Gininsa

A tsakiyar Harare, babban birnin Zimbabwe, inda titin Robert Mugabe ya haɗu da titin Sam Nujoma, akwai wani gini da ba ya kama da sauran dogayen benayen zamaninsa. Su waɗancan gilashi suka sha, suna walƙiya idan rana ta take. Shi kuwa kankare ne da bulo, jikinsa duk tudu da kwari, tsire-tsire na bin bangonsa, can bisa jan rufinsa kuma bututu 48 na bulo sun jeru reras. Baƙon da ya hango shi daga nesa zai iya rantsuwa masana'anta ce. Alhali shaguna ne da ofisoshi. Sunansa Eastgate, an buɗe shi a 1996, yana da filin shaguna murabba'in mita 5,600, na ofisoshi 26,000, da wurin ajiye motoci 450.

Duk wanda ya karanta zanen gine-gine a jami'a cikin shekaru ashirin da suka wuce, da wuya bai ci karo da shi ba, kuma kusan kullum da labari ɗaya ake gabatar da shi: wai mai zanen ya dubi suri, ya ga yadda gara ke sanyaya gidanta, ya kwaikwaya. Labarin yana da daɗin faɗi, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai an zo an gano cewa abin da aka ɗauka gara na yi ba shi take yi ba, ginin kuma bai fasa aiki ba. Wannan ne ya sa lamarin ya cancanci a zauna a kansa, domin idan ba garar ce ta riƙe shi ba, to dole akwai abin da ya riƙe shi.

Abin da mai kuɗi ya nema

A 1991 kamfanin inshora da zuba jari na Old Mutual, wanda asalinsa na Afirka ta Kudu ne, ya ba Mick Pearce aikin zana rukunin shaguna da ofisoshi mafi girma a Zimbabwe a lokacin. Pearce ɗan garin ne. A nan aka haife shi a 1938, lokacin ana kiran birnin Salisbury, ya yi karatu a makarantar Architectural Association da ke Landan, ya gama a 1962. Sharaɗin da aka gindaya masa shi ne kada ginin ya dogara da babbar na'urar sanyaya iska irin wadda ake ɗora wa manyan benaye.

Kada a ɗauka son muhalli ne ya sa. Lissafi ne. Kamfanin inshora kuɗin fanshon mutane yake juyawa, gini a wurinsa jari ne da zai riƙa kawo haya shekara talatin ko arba'in. Iyakwandishan na gini mai wannan girma ba a ƙera shi a Zimbabwe. Da kuɗin waje za a sayo shi, da kuɗin waje za a riƙa sayo kayan gyaransa, ga kuɗin wuta kowane wata. A daidai wannan lokaci ƙasar ta shiga shirin gyaran tattalin arziki irin na Bankin Duniya, darajar kuɗinta tana sauka. Duk abin da za a shigo da shi daga waje, yau farashinsa daban, gobe daban. Siminti da dutse da bulo da hannun ma'aikata kuwa akwai su a gida.

Don a gane girman abin da aka nema, sai an tuna daga inda rukunin shaguna na zamani ya samo siffarsa. A 1956 aka buɗe Southdale a jihar Minnesota ta Amurka, wanda Victor Gruen, ɗan asalin Ostiriya, ya zana. Shi ne na farko da aka rufe ruf, aka sa inji yana riƙe yanayin ciki a wuri ɗaya rani da damina, ko ana zuba ƙanƙara a waje ko ana zafi. Daga nan siffar ta bazu duniya: akwati mara taga, wutar lantarki ko da rana tsaka, sanyin inji, mai sayayya ya manta da ƙarfe nawa. Gruen da kansa ya zo ya yi tir da abin da aka mayar da tunaninsa kafin ya rasu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Har aka kai ga cewa a idon 'yan kasuwa da yawa, sanyin injin shi ne alamar wurin na manya ne. To a ce wa mai zane ya yi babban rukuni ba tare da shi ba, kamar a ce wa mai shayi ya buɗe tebur babu wuta ne.

Daren Harare

Abin da Pearce yake da shi a hannu, wanda ba a saya da dala, shi ne yanayin garin. Harare tana kan tudu, kusan mita 1,500 sama da teku. Rana tana da zafi, amma da ta faɗi, musamman idan sama ta yi garau, sai gari ya yi sanyi. Tazarar da ke tsakanin zafin rana da sanyin dare takan kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ta wuce. Idan aka ɗauki matsakaicin yini da dare, yawancin shekara yana faɗawa inda jikin mutum ke jin daɗi. Matsalar ita ce sanyin yana zuwa lokacin da shaguna ke rufe, zafin kuma lokacin da ake ciniki. Aikin ginin ke nan: ya ajiye sanyin dare, ya kashe shi da rana.

Wanda ya taɓa zama a ɗakin ƙasa mai kaurin bango ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ka shiga soron tubali da azahar, ka ji kamar an zuba maka ruwa, domin bangon bai gama shan zafin ranar ba. Ka koma bayan isha'i a watan bazara, ɗakin ya zama tanda, kowa ya kwaso tabarma zuwa tsakar gida, domin a lokacin ne bangon ke amayar da abin da ya sha. Bango mai nauyi ba ya ƙirƙirar sanyi. Jinkirta zafi yake yi. Abin da ya rage wa mai dabara shi ne ya taimaka masa ya yi aman da wuri kuma ya yi shi sarai, yadda gari zai waye bangon yana da sanyi har cikin ƙashinsa. A ɗakin kaka ana buɗe ƙofa ne a bar iska ta yi. A bene mai ofisoshi hawa bakwai, sai an nemo wata hanya.

Kamfanin injiniyoyi na Ove Arup ne ya yi lissafin, da kwamfuta, kafin a haƙa harsashi. Suka ba Pearce ƙa'idoji masu tsauri. Kada rana ta riƙa dukan bangon waje kai-tsaye. A fuskar arewa, kada tagogi su wuce kashi 25 cikin ɗari na bango. A tuna Harare tana kudu da tsakiyar duniya, don haka yawancin shekara ta arewa rana ke karkata mata. Kuma kada a dogara da buɗe taga don samun iska, saboda hayaniyar titi da kuma iskar gari da ba ta da tabbas. Wato iskar sai an bi da ita ta hanyoyin da aka gina mata.

Yadda iskar ke tafiya

Eastgate ba gini ɗaya ba ne, biyu ne dogaye masu siranta, suna fuskantar juna, tsakaninsu fili da aka rufe da gilashi daga can sama, amma iskar gari tana ratsa shi. Shaguna suna ƙasa. Tsakanin shagunan da ofisoshi akwai wani rabin hawa da aka ɓoye bayan ado mai zanen zigzag, a ciki an jera rukunin fankoki 32, wasu masu ƙarfi wasu masu sauƙi. Su ke janyo iska daga wancan fili na tsakiya, su tace ta, su tura ta sama ta wasu ramuka da ke tsaye a ƙashin bayan kowane gini.

Daga nan iskar ba ta faɗa cikin ofis kai-tsaye. Tana fara shiga ƙarƙashin daɓe. Daɓen kowane hawa rami ne da shi a ciki, an cika ramin da haƙoran kankare masu tsini, domin iskar ta goga da kankare mai yawa kafin ta wuce. Sai ta fito ta 'yan ragogin da ke ƙasan tagogi, a daidai ƙafar mutum. Jikin mutane da fitilu da kwamfutoci su ɗumama ta, ta tashi sama kamar yadda iska mai zafi ke yi, ta tarar da rufin da aka yi shi da lanƙwasa, mai kama da ɗaurin guga. A ƙarshen kowace lanƙwasa akwai kafar da ke zuƙe ta, ta kai ta ramin fita, ta hau har bututun nan 48 ta fice.

Da dare ake kunna manyan fankokin. Suna sauya iskar ofisoshin kamar sau goma a awa ɗaya, sanyin dare yana wanke haƙoran kankaren nan, yana kwashe zafin jiya. Da rana sai a koma kan ƙanana, sau biyu a awa, iskar waje mai ɗumi tana bi ta kan kankaren da ya kwana yana shan sanyi, ta sauka da kimanin digiri 3 kafin ta shiga ɗaki. Digiri 3 a takarda ba wani abu ba ne. Amma tsakanin 29 da 26 akwai bambancin ma'aikacin da ke fifita da fayil da wanda ya manta da zancen zafi.

Har fitilu an sa su cikin lissafi: sama suke haskawa, rufin kankare ya maido da hasken ƙasa, ya kuma shanye zafinsu, yadda ba zai sauko kan mutane ba.

Jikin ginin na waje ma aiki yake yi. Tudun nan da kwarin da ke sa wasu ganin muninsa, manyan ɓangarorin kankare ne da suka turo kai, suna yi wa ƙananan tagogi rumfa. Da rana suna jefa wa junansu inuwa. Da dare kuma, saboda sun ƙara wa ginin faɗin fata, zafi yana saurin fita ta jikinsu. Pearce yakan kwatanta wannan da tsiron hamada mai ƙaya da haƙarƙari. Ni kuwa abin da ya fi faɗo mini shi ne injin babur: duk wani bakanike ya san dalilin da ya sa aka yi masa waɗancan 'yan fukafukai, kuma ya san abin da zai faru idan laka ta toshe su. An goge kankaren har tsakuwar dutsen da ke ciki ta fito, ya yi kama da duwatsun ƙasar. Zanen zigzag ɗin kuma gaisuwa ce ga kangon Babbar Zimbabwe da ke kusa da Masvingo, birnin da aka gina da dutse ba tare da abin ɗamewa ba ƙarnuka da suka wuce, wanda daga gare shi ƙasar ta ɗauki sunanta.

Titi mai rufi

Ta fuskar mai sayayya, abin da ya fi muhimmanci shi ne filin tsakiya. A nan Pearce ya saki kankare ya kama ƙarfe da gilashi. Gadoji na ƙarfe sun ratsa daga wannan gini zuwa wancan, an rataye su da igiyoyin ƙarfe daga manyan ginshiƙan da ke kwance a sama; lif-lif ɗin ma a rataye suke, ana ganin hawansu da saukarsu. Akwai wata doguwar hanyar ƙafa mai gilashi a hawa na biyu da ta bi tsawon filin, matakala mai tafiya da kanta tana haɗa tsakiyarta da ƙasa.

Ƙasan kuwa titi ne, ba zauren otal ba. Yana haɗe da hanyoyin ƙafa na gari, mutum zai iya shigowa ta nan ya fita ta can a kan hanyarsa ta zuwa wani wuri. A ganina wannan ita ce shawarar kasuwanci mafi kyau a ginin gaba ɗaya, kuma ita ce aka fi mantawa da ita saboda zancen gara. Rukunin shaguna irin na Gruen a bayan gari ake kafa shi, a kewaye shi da filin motoci, wanda ba shi da mota ba a yi da shi ba. A tsakiyar Harare mafi yawan mutane da ƙafa suke, sun sauko daga motar haya za su ofis ko sun tashi za su tasha. Ɗan kasuwa ya sani, ƙafa ita ce ciniki. Shagon da dubban mutane ke wucewa ta ƙofarsa don neman inuwa ko yanke hanya ba ya bukatar a yi masa shela. Ga kuma hawa bakwai na ma'aikata a bisa kansa, waɗanda za su sauko cin abinci da rana.

Hasken rana da ke sauka daga rufin gilashi ya rage bukatar fitila a hanyar, kuma mai sayayya yana sane da lokaci, yana ganin hadari idan ya haɗo. Filin bai da sanyin firji. Sanyin inuwa ne, irin na layin kasuwa da aka yi wa rumfa. Kuma shi ne huhun ginin, tunda daga cikinsa fankoki ke ɗiban iskar da ofisoshi ke shaƙa. Abu ɗaya yana aiki uku: hanya, kasuwa, rumbun iska.

Lissafin riba

Rashin sayen babbar na'urar sanyaya iska ya rage kimanin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ginin, abin da ya kai dalar Amurka miliyan uku da rabi. Injiniyoyin Arup sun dasa na'ura mai rubuta zafin iska a wurare biyar na ginin, don kada zancen ya tsaya a baki. Da aka kwatanta da matsakaicin wutar da wasu gine-gine shida masu cikakken iyakwandishan a Harare ke ci, Eastgate ya yi ƙasa da kashi 35 cikin ɗari.

A nan ya kamata a yi hattara, domin labarin ya yi ta kumbura a hanya. Za ka ga an rubuta cewa kashi 10 kacal na wutar gini irinsa yake ci, wato ya rage kashi 90. Wannan ba zai yiwu ba sai in sanyaya iskar kaɗai ake nufi, inda fanka ta maye gurbin babban inji. Fitilu da lif da kwamfutoci da firjin masu abinci ba su san da gara ba, wutarsu suke sha. Kashi 35 shi ne adadin da mai zanen da kansa yake bayarwa a kan wutar ginin gaba ɗaya, kuma ya isa abin alfahari ba tare da an ƙara masa gishiri ba. Haka nan masu cewa ginin ba ya amfani da inji ko kaɗan sun yi kuskure. Fankoki injuna ne, kuma suna cin wuta.

Ribar da ba a sa a lissafin farko ba ita ce wadda ta fito bayan ƙasar ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Hauhawar farashi ta kai inda a farkon 2009 aka buga takardar kuɗi ta dala tiriliyan 100 ta Zimbabwe. Wuta ta zama sai an gani. A 2019, da ruwan madatsar Kariba ya ja baya, an yi ta ɗauke ta har awa 18 a rana. Benen gilashi da tagoginsa ba sa buɗuwa, idan injinsa ya tsaya, ko don babu wuta ko don babu kuɗin sayo kayan gyara, kafin azahar ba ya zaunuwa. Eastgate idan fankokinsa suka tsaya aikinsa yana raguwa, amma ba ya mutuwa: iska mai zafi ba ta jiran wuta kafin ta hau bututu, inuwar tagogi tana nan, nauyin kankaren yana nan.

To, garar fa?

Pearce ya sha faɗin cewa wani shirin talabijin na BBC da David Attenborough ya gabatar, inda ya kutsa cikin wani ƙaton suri a Afirka ta Yamma, shi ne ya kunna masa tunanin. Abin da masana suka yarda da shi a lokacin ya samo asali daga wani masanin ƙwari ɗan Suwizalan, Martin Lüscher, wanda a 1961 ya bayyana suri a matsayin gida mai iyakwandishan. Irin wannan gara tana noma wani nau'in laimar kwaɗi a cikin gidanta, ita da gonar tata suna fitar da zafi. A cewarsa zafin ne ke tura iska sama ta tsakiyar surin, ta gangaro ta 'yan hanyoyin da ke kusa da fatarsa, ta huce, ta sauya gurɓatacciya da sabuwa, ta koma ƙasa. An kuma ɗauka cewa da haka gara ke riƙe zafin gidanta a wuri ɗaya duk shekara. A surin da ke da buɗaɗɗen baki a sama kuwa, an ce iskar da ke wucewa ta kan bakin ce ke zuƙo ta ciki. Pearce ya ɗauki duka biyun: zafin mutane ya tura, bututu ya ja.

Sai wani masanin halittu Ba'amurke, Scott Turner, ya tafi Namibiya ya shafe shekaru yana auna suri. Yakan busa iskar gas kaɗan a ciki ya bi sawunta da na'ura. Bai tarar da zagayen da Lüscher ya zana ba. Iskar shiga take yi tana fita, gaba da baya, gwargwadon yadda iskar waje ke kaɗawa, kamar numfashi. Zafin gidan garar kuma ba a tsaye yake ba. Yana bin zafin ƙasar da ke kewaye da shi, ya hau da bazara ya sauka da hunturu, da tazara mai yawa. Wani injiniya ɗan Ingila, Rupert Soar, ya cika wani suri da farar ƙasa mai daskarewa, ya riƙa yanka shi siriri-siriri yana ɗaukar hoto, don a ga tsarin hanyoyin ciki. A 2008 su biyun suka fitar da takarda da ta taɓo Eastgate kai-tsaye. Abin da suka ce a taƙaice: surin huhu ne, ba iyakwandishan ba, an gina Eastgate a kan fahimtar da ba daidai ba, amma duk da haka yana aiki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da ke hana gidan gara yin zafi da rana da sanyi da dare shi ne tarin ƙasar da yake binne a ciki, kuma abin da ke hana ofisoshin Eastgate haka shi ne tarin kankare. Pearce ya bi hanyar da ba ita ba ya ɓulla gidan da ake nema. Abin dariyar ma bai ƙare a nan ba. A 2015 wasu masana na jami'ar Harvard suka auna surin wata gara a kudancin Indiya, suka ga siraran haƙarƙarinsa na waje suna saurin ɗumama da rana fiye da tsakiyarsa mai kauri, iska ta hau ta gefe ta sauka ta tsakiya, da dare kuma abin ya juya. Wato sauyin dare da rana ne ke tuƙa iskar. Shi ne dai abin da Eastgate ya rayu a kansa tun 1996.

Ban ga laifin Pearce a nan ba. Ya yi amfani da ilimin da ke akwai, kuma bai zuba siminti a kan labarin talabijin ba. A kan lissafin injiniyoyi da ma'aunin yanayin Harare ya zuba. Garar ta ba shi ƙwarin gwiwa da kuma hoton da zai nuna wa masu kuɗi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai son ya shawo kan kamfanin inshora ya yi abin da ba a saba ba. Inda nake ganin laifi shi ne wurin masu maimaita labarin har yau ba tare da gyaran ba, suna koya wa ɗalibai cewa sirrin yana cikin siffar suri.

Lambar yabo, da abin da ya biyo baya

A 2003 Pearce ya karɓi lambar yabo ta Yarima Claus, wadda wata gidauniya ta ƙasar Holan ke bayarwa kan al'adu da ci gaba, kuma Eastgate ne babban dalili. Ba irin lambar da ake ba wa kantin da ya fi ƙyalli ba ce. Ana duba aikin da ya fito daga wurinsa kuma ya amfani mutanen wurin. Daga baya ya yi aiki a Ostareliya, inda ya shiga zanen ginin majalisar birnin Melbourne da ake kira CH2, wanda aka buɗe a 2006, shi ma yana wanke kankarensa da iskar dare. Amma can bai kwafi Eastgate ba, domin yanayin Melbourne daban ne. Sai da aka ƙara wasu dabaru na ruwa da na inuwa mai motsi.

A Harare kuwa, Eastgate bai zama abin koyi yadda aka zata ba. Tattalin arzikin da ya durƙushe ya tsayar da manyan gine-gine shekaru da yawa. Kamfanoni da dama suka bar tsakiyar gari suka koma unguwanni irin su Borrowdale, ofisoshi suka yi ta zama babu kowa a benayen tsakiyar birni, ciniki ya sauko kan titi hannun masu kasa kaya. Old Mutual ɗin dai ya zo ya gina wata kasuwa ta ƙananan 'yan kasuwa a kusa, mai suna Eastgate Market. Zane mai kyau yana rage kuɗin wuta, ba ya kawo ɗan haya idan gari ba kuɗi.

Ginin kansa yana da ranakunsa na rauni. Gab da faɗuwar damina, wajen Oktoba da Nuwamba, idan gajimare ya rufe sama da dare, zafin ƙasa ba ya samun hanyar tserewa, dare ya ƙi yin sanyi, kankaren ya wayi gari bai huce ba. Idan washegari rana ta buɗe, ofisoshi suna ɗumi, kuma babu maɓallin da za a murɗa. Mai haya a nan ya amince ne da cewa wasu 'yan makonni a shekara zai cire kwat.

Wannan raunin shi ne ma'aunin da za a ɗora wa duk wani wuri da ake sha'awar kai dabarar. Jos, da ke sama da mita 1,200 kuma darenta ke da sanyi, tana kusa da Harare a wannan fuska. Kano da Zinder a watannin hunturu suna da tazara mai faɗi tsakanin dare da rana, har fiye da yadda ake bukata. Amma Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40 kuma dare ke kwana da zafinsa, fankar da ta janyo iskar ƙarfe biyun dare ba sanyi za ta ajiye a kankare ba, kuma rage digiri 3 daga 42 bai fitar da kowa ba. A can abin da zai ɗauku daga Eastgate shi ne ƙananan tagogi masu rumfa, bangon da rana ba ta duka, da hanyar ciniki mai inuwa da iska ke ratsawa, waɗanda za su rage girman injin da za a saya da man da janareta zai sha, ko da ba su kore shi ba. Akwai kuma ƙurar hunturu. Matatun da ke gaban fankokin Harare ba su taɓa haɗuwa da irinta ba, kuma ramin daɓe mai haƙoran kankare, idan ta shige shi ta kwanta, ba wurin da tsintsiya ke kaiwa ba ne.